Sunan da Sarkin Ƙasa Yake Nema

Duk wanda ya sha ruwan rijiya a Aujara a shekarun baya, da wuya a ce bai sha daga haƙar Malam Gwadabe ba. A hannun mahaifinsa ya gaji sana'ar. Da asuba allo, da hantsi igiya da diga, haka ya taso. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, maganarsa ƙasa-ƙasa. Mutanen gari sukan ce zaman rami ne ya koya masa haka, don a can ciki ko raɗa ka yi sai ta dawo maka da nauyi.

Da damina ya noma gero da riɗi, da rani ya shiga ƙasa. Har daga Jahun da Miga akan zo ɗaukarsa. Daga baya motocin haƙa burtsatse suka shigo, aikinsa ya koma yasar tsofaffin rijiyoyi, yasar ma ta ja baya, sannan ƙugu ya ce ya isa haka. Ya naɗe igiyarsa ya rataye a zaure. In an yi masa jaje sai ya ce ai ruwan famfo ma ruwa ne.

Ɗansa na fari sunansa Izzuddeen. Malam Gwadabe kuwa mutumin da ne wajen kunyar ɗan fari. Sunan nan bai taɓa fita daga bakinsa ba, ko ranar suna wansa ne ya raɗa wa liman. Da aka yaye yaron aka kai shi Jahun wurin kakarsa, sai ya zama “na Jahun”. Da ya girma ya buɗe shagon gyaran firji a Dutse, sai ya zama “na Dutse”. In ya zo gida yakan durƙusa a bakin zaure ya yi gaisuwa, uban ya amsa yana duban bango, ya ce a shiga ciki. Duk wata magana da ta wuce wannan, sai dai ta bi ta bakin uwar gida, Indo, ko ta bakin autarsu Bilki.

Ba gaba ba ce, ba kuma fushi ba. Haka mahaifin Malam Gwadabe ya yi da nasa ɗan farin. Shi ma Malam Gwadabe bai taɓa cewa akwai abin da ya rasa ba.

Bilki tela ce, a zauren nan take ajiye kekenta saboda haske. Uban yana kan tabarma yana tufka igiyar awaki, ita tana taka keke, wayarta a gefe tana ƙara ba hutawa. Tana cikin wani guruf na WhatsApp, na samari da 'yan mata daga Dutse da Jahun da kewaye, waɗanda suke haɗa labari guda tare. Kowa da mutumin da yake riƙe da shi. Wannan ya rubuta abin da nasa ya yi, wancan ya ɗora. Jaruman labarin masu wata baiwa ce ta daban, suna rufe fuska su fita kare gari. Na Bilki sunanta Allura, ba ƙofar da ba ta ratsawa. Na Izzuddeen sunansa Ƙanƙara, abin da ya taɓa sai ya daskare. Wani Misbahu, direban adaidaita a Jahun, yana riƙe da Ɗan'inna, mai cin abinci da jarumai da rana ya kai rahotonsu wurin miyagu da yamma. Mai raba musu layi kuwa wata Safina ce a Dutse, wadda ba ta ɗaukar wasa da labarin.

Matsalarsu a lokacin ita ce ba su da babban mugu. Wanda yake riƙe da shi ya sami aiki a Legas ya yi shiru.

Wata la'asar Bilki tana karanta saƙon Safina a bayyane: “Ana neman wanda zai riƙe shugaban 'yan ƙarƙashin ƙasa.”

Malam Gwadabe ya ɗaga kai.

“Gaba nawa suke?”

“Su wa, Baba?”

“Mutanen da kika ce suna ƙarƙashin ƙasa. Zurfinsu gaba nawa ne?”

Bilki ta yi dariya har ta kifa kai a kan keke. Shi bai ga abin dariya ba. Ya ce in da gaske taro suke yi a can, to wani ya gaya musu su sauka da fitila, in ta mutu su fito, don iskar wurin ta ƙare ke nan. Ya ce ƙasa ba ta ihu kafin ta rufta, ɗan yashi kawai take zubo maka a wuya. Yana magana a hankali yadda ya saba, ita kuwa ta danna waya tana ɗauka. Ta tura wa guruf.

Kafin magariba wayar ta kusa fashewa. Safina ta ce tunda aka fara labarin ba a taɓa samun muryar da ta tayar mata da tsigar jiki irin wannan ba, don Allah a roƙi Baba ya karɓa. Bilki tana kunna masa saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, yana ta girgiza kai. Sai aka zo kan wani da ba magana a ciki, dariya ce kawai ta wani namiji, irin wadda take ƙarewa da tari.

“Wannan kuma wane ne?”

“Yaya ne mana.”

Malam Gwadabe ya dubi wayar. Ya ce ta sake kunnawa. Ta sake. Ya koma kan igiyarsa ya yi ta tufka, har Bilki ta ɗauka maganar ta wuce. Tana rufe keke sai ya ce, “Ki ce wa yarinyar nan na ji.”

Daga ranar ruɗani ya shiga zauren. Bilki ta yi masa bayani cewa ƙarƙashin ƙasa a nan ba rami ba ne, ana nufin ɓarayi da 'yan fasa-ƙwauri da masu sayen bakin mutane, waɗanda suke harkarsu a ɓoye. Ya ce ya gane. Washegari da layinsa ya zo, sai ya zaunar da shugaban miyagu a gindin wata tsohuwar rijiya a bayan duwatsun Dutse. Aka sake bayani, ya sake cewa ya gane, ya ƙara wa rijiyar zurfi. Safina ta haƙura, aka sa wa mugun suna Sarkin Ƙasa.

Aka ce ya tsara sata. Ya tura yaransa suka kwashe gugan garin kaf. Misbahu ya ce, “Baba, a Dutse fa ko ka kwashe guga sai an yi wata ba a lura ba.” Aka ce to ya sace mutum. Ya sa aka sato wani attajiri, aka sauke shi rijiya a cikin kwando, Sarkin Ƙasa ya ba shi fura, ya tambaye shi iyali, sannan ya sa a mayar da shi kafin magariba kada hankalin gidansa ya tashi.

Har ya tari liman bayan azahar, ya tambaye shi ko mala'iku suna rubuta wa mutum satar da ya yi a cikin labari. Liman ya ce me aka sace. Ya ce guga. Liman ya ce na wa. Ya ce na mutanen Dutse, amma ba shi ba ne, wani ne da yake magana da bakinsa. Liman ya dube shi da kyau, ya ce ya riƙa yawaita azkar.

Ranar da aka shirya Ƙanƙara zai fara haɗuwa da Sarkin Ƙasa, kowa a guruf ya kasa kunne. Izzuddeen ya rubuta cewa Ƙanƙara ya daskarar da masu gadi, ya sauka ta igiya, ya isa gindin rijiya. Sannan ya cire takalmi, ya durƙusa, ya ce, “Barka da hutawa.”

Malam Gwadabe ya amsa da murya: “Lafiya lau. Ya hanya? A shiga ciki.”

Safina ta turo saƙo mai tsawo. Ta ce wata uku ana gina wannan faɗa, ga shi an mayar mata da shi gaisuwar sallah. Wane ciki za a shiga a gindin rijiya? Daga yau, in ji ta, a cikin labari babu Baba babu ɗa, wanda ba zai iya ba ya faɗa. Aka goge, aka sake.

A karo na biyu Izzuddeen da murya ya turo. Ya ce, “Kai, Sarkin Ƙasa! Yau ƙaryarka ta ƙare. Dube ni nan in ina maka magana!”

Ko minti biyar ba a yi ba ya kira Bilki, ya ce ta ba Baba haƙuri, Safina ce ta matsa. Bilki ta isar. Malam Gwadabe bai ce ya haƙura ba, bai ce ya ji haushi ba. Shi kansa bai san wanne ne ba. Rabin ransa yana cewa yau yaron nan ya ce masa “kai” a gaban jama'a. Ɗaya rabin yana lissafin cewa tunda aka haifi yaron bai taɓa jera masa magana mai tsawon wannan ba. Ya ce Bilki ta sake kunnawa, wai bai ji ƙarshen da kyau ba.

Ya ba da amsa. Sarkin Ƙasa ya ce wa Ƙanƙara ya rage ɗaga murya, ƙasa za ta zubo. Ya tambaye shi wannan sanyin da yake yawo da shi ba ya kama masa ƙirji? Ƙanƙara ya ce ba ruwansa. Sarkin Ƙasa ya ce ya ga ya rame. Ƙanƙara ya ce aiki ne ya yi yawa, zafi ya shigo, kowa firjinsa ya lalace. Allura ta shigo ta bango ta raba su.

Haka aka yi ta yi. Duk haɗuwa sai an yi barazana, a tsakiyar barazanar kuma sai wata tambaya ta ɓullo wadda ba ta cikin tsari. Malam Gwadabe ya fara sanin ranakun layinsa fiye da ranakun kasuwa. In wayar Bilki ba caji, shi yake tuna mata.

Sai Safina ta gaji. Ta kira Bilki ta ce a sa ta a sifika.

“Baba, ina wuni. Don Allah kada ka ga rashin kunyata. Muryarka ta fi ta kowa, amma Sarkin Ƙasa ba shi da dalili. Me yake so?”

“Wa?”

“Sarkin Ƙasa. Kowane mugu akwai abin da yake nema. Mulki, ko dukiya, ko ramuwa. Naka ya tara yara, ya zauna a rami, ya sace mutum ya ba shi fura. Don me?”

“To, ai ke kika ce ya sace.”

“Baba, ni na ce, amma shi me ya sa ya yarda?”

Malam Gwadabe ya dubi Bilki. Bilki ta dubi zare.

Safina ta ce masu karatu sun fara ƙorafi. In zuwa Juma'a ba a samo masa dalili ba, za ta sa rijiyar ta rufta da shi, a kawo sabon mugu. Za a yi masa mutuwa mai kyau, in ji ta, har da jawabi.

Da ta kashe, ya tambayi Bilki, in Sarkin Ƙasa ya mutu, shi kuma fa? Ta ce sai ya huta. Ya ce, su sauran za su ci gaba? Ta ce ƙwarai. Ya ce, da na Dutse? Ta ce ai shi ne babban jarumi. Ya gyaɗa kai, ya ɗauki igiya, ya ajiye.

Kwanakin nan bai yi tufka ba. Ya tambayi Indo tana tankaɗe, me yake sa mutum mugunta.

“Yunwa,” in ji ta. “Ko hassada. Ko rabon gado.”

“Ba ya jin yunwa. Ba shi da ɗan'uwa.”

“Wa?”

“Wani mutum.”

“Malam, in mutumin wayar nan ne, ni ka ƙyale ni. Da girmanka yara sun sa ka a rami.”

Ya gwada mulki a ransa, ya ga mutumin da yake gindin rijiya me zai yi da mulki. Ya gwada dukiya, ya ga ba wurin ajiya, danshi zai ci. Ramuwa kuwa, ya duba ya duba bai ga wanda ya yi wa Sarkin Ƙasa laifi ba. Har ya fara jin haushin mutumin. Kullum suna tare, da bakinsa yake magana, amma ya ƙi gaya masa abin da yake so.

Ranar Alhamis da hantsi Bilki tana nuna masa zanen da wani ɗan guruf ya yi na jaruman. Ya daɗe yana duban Ƙanƙara, fuska a naɗe da farin ƙyalle, ido kawai a waje.

“Shi wannan me ya sa yake rufe fuska? Bashi ake bin sa?”

“A'a, Baba. Don kada a san ko shi wane ne. Kowane jarumi yana da sunansa na gaskiya, na gida. Safina kaɗai ta sani. In mugu ya san sunan, ai jarumi ya shiga uku.”

“Wato Ƙanƙara ba sunansa ba ne.”

“Laƙabi ne.”

“Shi Sarkin Ƙasa duk zaman nan da suke yi, bai taɓa kiransa da sunansa ba.”

“Ina zai kira, bai sani ba?”

Malam Gwadabe ya bari Bilki ta gama kafa hannun riga. Sannan ya ce ta danna.

“Sarkin Ƙasa sunan yaron nan yake nema,” ya ce wa wayar. “Na gaskiyar.”

Safina ta dawo nan take. “Madalla! Baba, wannan shi ne! In ya samu sai ya yi me? Ya tona masa asiri? Ya kama iyalinsa?”

“Ya kira shi.”

“Sai kuma me?”

“Sai ya amsa.”

Misbahu ne ya fara cewa wallahi wannan ya fi kisa ban tsoro, a kira ka da sunanka daga cikin rijiya. Wata ta ce asiri ne, in ya amsa baiwarsa za ta narke. Wani ya ce a'a, ruhinsa za a zare. Suka yi ta musu. Malam Gwadabe yana ji, bai gane yawancin abin da suke faɗa ba, bai kuma gyara wa kowa ba. Safina ta ce an fasa rufta rijiya.

Labarin ya tashi da gudu. Sarkin Ƙasa ya zama mugu na sosai, har Bilki tana mamaki. Ya sa yaransa suka bi masu shayi da masu wankin takalmi suna sayen labari. Ya sa aka lalata firjin wani mai sayar da ƙanƙara don a ga wa zai zo. Ya kira Ɗan'inna gindin rijiya, ya ajiye shi a kwando tsakanin sama da ƙasa, ya ce ba hawa ba sauka sai da suna. Misbahu ya ji daɗin wannan fitowa ƙwarai, ya ja ta har kwana biyu kafin Ɗan'inna ya sayar da abokinsa.

Saura Safina ta ba da sunan, don Sarkin Ƙasa ya faɗe shi a haɗuwa ta gaba. Ta kira Bilki ta gaya mata. Bilki ta ajiye waya, ta ɗauki almakashi, ta ajiye.

“An samu?” in ji uban.

“An samu.”

“To?”

“Baba… sunan Yaya ne. Nasa na gaskiya. Wai tun farkon labari da aka ce kowa ya zaɓa, shi ya ce ba shi da lokacin ƙirƙira, a sa nasa.”

Malam Gwadabe ya ce, “Ikon Allah.”

“Safina ta ce jiya ta tambaye shi ko zai canza, tunda abin ya zo haka.”

“Ya ce me?”

“Ya ce a bar shi.”

Ya tashi ya fita duba awaki, waɗanda ba abin da ya same su. Ya dawo. Ya ce ba za a iya rubutawa ba? Bilki ta ce tun farko da murya aka san Sarkin Ƙasa, Safina ba za ta karɓa ba. Ya ce in an ce “na Dutse” fa? Ta ce Baba, duk jaruman na Dutse ne. Ya ce to wai wa zai kira sunan, shi ko Sarkin Ƙasa? Bilki ta ce ita ma ba ta sani ba.

Layinsa ya zo bayan la'asar. Ƙanƙara ya riga ya sauko, yana tsaye a gindin rijiya, ya ce, “Ga ni. Me kake da shi?” Guruf kowa yana jira.

Malam Gwadabe ya ce Bilki ta nuna masa inda ake dannawa. Ta nuna masa, ta ce ya riƙe, in ya gama ya saki. Sannan ta tuna tana da saƙo wurin mahaifiyarta, ta shige cikin gida, ta bar shi da wayar da igiyar da take rataye.

Ya daɗe. Indo ta leƙo sau ɗaya ta koma. Da Bilki ta dawo, wayar tana kan tabarma, shi yana tufka, yana duban bango. Saƙon ya tafi. Gajere ne ƙwarai, yawancinsa numfashi, sai kalma ɗaya a ƙarshe, ƙasa-ƙasa, kowane harafi a wurinsa kamar wanda aka daɗe ana ajiye da shi.

Amsar ba ta jima ba. Ita ma murya ce.

“Na'am.”

Safina ta turo: “Ƙanƙara!! Jarumi ba ya cewa na'am! Musantawa za ka yi! Ka ce ba kai ba ne!” Misbahu ya ce a bar shi haka, ya fi daɗi. Aka kaure da musu kan ko baiwar ta narke ko ba ta narke ba. A ƙarshe Safina ta yanke cewa tunda Sarkin Ƙasa ya riƙe sunan, ya zama mugun da ba a isa a kashe ba, sai dai a yi ta fama da shi.

Da daddare wajen cin tuwo Indo ta ce, ba tare da ta dube shi ba, ta ji wai yau an kira wani suna a zaure.

“Ba ni ba ne,” in ji Malam Gwadabe. “Mutumin nan ne.”

“Da bakin wa?”

Ya ce miyar ta yi gishiri.

Da ƙaramar sallah Izzuddeen ya zo gida. Ya durƙusa a bakin zaure ya yi gaisuwa, uban ya amsa yana duban bango, ya tambayi hanya, ya ce a shiga ciki. Ya tashi zai wuce, sai ya ajiye wata 'yar leda a gefen tabarma, ya ce wa Bilki ta gaya wa Baba waya ce, an riga an sa guruf a ciki.

Malam Gwadabe ya ce wa Bilki ta ce an gode. Ya jira har takun ya yi nisa, sannan ya jawo ledar, ya tambaye ta ran wace rana ce layinsa.